Ma'aji da Baitulmali: Tarihin Riƙon Dukiyar Jama'a a Ƙasar Hausa

Kalmar ma'aji, wadda a yau ake kiran jami'in da ke riƙe da kuɗin ƙaramar hukuma ko na ƙungiya da ita, ta samo asali ne daga ajiya, wato abin da mutum ya damƙa wa wani domin ya tsare masa har ranar da zai nema. A cikin sunan kansa akwai sharaɗin aikin, domin ajiya ba ta zama mallakar wanda aka ba, kuma ana sa ran ya mayar da ita yadda ya karɓa. Abin da sunan bai fayyace ba shi ne mai ajiyar, ko sarkin da ya naɗa ma'ajin ne, ko kuwa jama'ar da aka tara dukiyar daga guminsu. Tarihin wannan muƙami a ƙasar Hausa, daga ƙarni na 15 zuwa yau, kusan dukansa jayayya ce a kan wannan tambaya, kuma duk lokacin da amsarta ta sauya, sai aikin da irin mutumin da ake nema masa su sauya tare da ita.

Muƙamin yana da sunaye dabam-dabam gwargwadon masarauta. A Kano da Zazzau an fi saninsa da Ma'aji, a Bauchi akwai sarautar Ajiya, a Katsina kuwa Mutawalli ne, kalmar Larabci mai nufin wanda aka jiɓinta wa al'amari, sarautar da ta daɗe a gidan 'Yar'aduwa har ta kai ga Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama shugaban Nijeriya a 2007. Yawancin waɗannan sunaye sun koma sarautun girmamawa a yanzu, rawani babu makulli, amma a da masu riƙe da su su ne suka san abin da ya shiga taskar sarki da abin da ya fita.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jera sarakunan birnin tun daga Bagauda, ya danganta tsara wannan aiki ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. Littafin ya nuna cewa Rumfa ne ya fara bai wa babanni, wato bayin fada da aka dandaƙe, manyan muƙamai, cikinsu har da na Ma'aji, sannan ya ɗora waɗansu huɗu daga cikinsu a kan taska. Hikimar wannan zaɓi ba ta da wuyar ganewa, domin baba ba shi da ɗan da zai tara wa gado, ba shi da dangi a gari da za su matsa masa, ba ya cikin masu hangen gadon sarauta, kuma abin da ya mallaka yana komawa ga ubangidansa ranar da ya mutu. Amanar da aka gina a kan haka fuskarta ɗaya ce: tana kare dukiyar sarki daga 'yan'uwansa da hakimansa, amma ba ta da ta cewa idan sarkin da kansa ne ya miƙa hannu.

A zamanin Rumfa ɗin ne kuma wata fahimta ta dabam ta shigo fada a rubuce. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, malamin Tilimsan da ya sauka Kano wajen shekarar 1492, ya rubuta wa sarkin ɗan littafi a kan wajiban sarakuna, wanda babi biyu na ƙarshensa suka tsaya a kan hanyoyin da ya halatta a tara dukiya da wuraren da ya wajaba a kashe ta. Tushen bayanin shi ne baitulmali, kalmar Larabci da ke nufin ɗakin dukiya, wadda a fiƙihu ake nufin dukiyar Musulmi baki ɗaya da ita, dukiyar da shugaba yake riƙewa a matsayin wakili kamar yadda waliyyi yake riƙe da ta maraya. Malaman da ke karantar da wannan babi suna da misalai biyu da ba sa rabuwa da su. Na farko shi ne hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi kuwa ya hau mumbari ya yi tir da hakan, bisa hujjar cewa da a gidan iyayensa yake zaune babu mai kawo masa kome. Na biyu shi ne Halifa Umar, wanda ya kafa diwani, wato rajistar masu haƙƙi a baitulmali, wanda kuma yakan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗinsa domin a gwada da abin da ya tara daga baya, idan ƙarin ya wuce hankali a raba biyu a mayar da rabi. Daga nan aka fitar da ƙa'idar da za ta dami ƙasar Hausa shekaru ɗari biyar, cewa kyautar da aka ba ma'aikaci saboda kujerarsa dukiyar jama'a ce.

Abin da ke littafi dabam, abin da ake yi a fada dabam. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kutumbi, a farkon rabin ƙarni na 17, a matsayin wanda ya fara karɓar jangali, harajin shanu, daga Fulani. Ya ambaci Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, da ƙago haraji iri-iri har da na 'yan matan da za a aurar. Ya kuma nuna cewa Kumbari, wanda ya gaje shi, ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai jiziya, Larabawan birni suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Yaƙe-yaƙe da Zamfara da Gobir su suka lashe kuɗin, kuma abin da ya taka wa sarki birki shi ne ƙaurar masu biya.

Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, littafin da ya rubuta domin bambance mulkin Musulunci da wanda ba shi ba, kaso mai yawa na tuhumar ya faɗa a kan dukiya ne. Ya kira abubuwan da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da tawasa da ake karɓa a kasuwa, da kamuwa, wato kame dabbobin talakawa domin su yi dakon kayan sarki, sannan da gaisuwa. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi wuyar sha'ani, domin a Hausa kalma ɗaya ce take ɗauke da sallamar ladabi da kuma abin da ƙarami yake kai wa babba, kuma al'ada ba ta yarda a je gaban mai mulki hannu rabbana ba, ta yadda mai bayarwa da mai karɓa duka suna iya rantsuwa cewa girmamawa ce kawai ta gudana. A maimakon waɗannan, Shehu ya taƙaita kuɗin shigar baitulmali ga hanyoyi bakwai da shari'a ta sani, cikinsu akwai humusin ganima da jiziya da harajin ƙasa da dukiyar da ba a san mai ita ba, ya kuma sanya mai karɓar haraji wanda ba ya zalunci cikin ginshiƙai huɗu na mulki, tare da waziri da alƙali da shugaban masu tsaron doka.

Shugabannin jihadi na farko sun ɗauki wannan da gaske, kuma tun da wuri suka ga inda zai tsage. A 1807, yaƙi bai ma ƙare ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jama'a saboda takaicin yadda ya ga neman mulki da dukiya ya shiga zukatan mutane, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ne ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan ƙa'idojin mulki. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa a kan wannan fanni, kuma Alhaji Sa'idu, marubucin tarihin Sakkwato, ya shaide shi da cewa daga abin da ya nema da hannunsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali, kamar yadda aka ruwaito cewa Shehu da kansa yakan tuƙa igiya ya sayar. Wannan tsentseni ya kafa ma'aunin da har yau ake auna shugabanni da shi a Arewa. Rauninsa shi ne cewa hali ne na mutum ɗaya, wanda ake binnewa tare da shi, kuma daular da jihadin ya kafa ba ta samar da wani jami'i mai zaman kansa da zai iya buɗe lissafin sarki ya tambaye shi ba, in ban da wa'azin malamai da tsoron wasiƙa daga Sakkwato.

Bayanin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bari game da Kano a 1851, zamanin Sarki Usman, ya nuna inda aka kwana ƙasa da shekaru hamsin bayan jihadi. Kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, wanda ya yi daidai da dalar azurfa guda a lokacin. Kowace rijiyar rini tana biyan wuri 700, kuma akwai fiye da 2,000 a birni kaɗai. Jimillar abin da ke shiga a shekara, a ƙiyasinsa, ta kai wuri miliyan 90 zuwa 100. Yana da kyau a tsaya a hango abin da wannan adadi yake nufi ga mai ajiya. Wurin ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare, zube yake, sai an baje shi a tabarma an ja shi biyar-biyar da yatsu, a tara ƙananan tsibi su zama manya, sannan a ɗure dubu ashirin a cikin keso, jakar kaba da ta zama ma'aunin manyan kuɗi. Wuri miliyan ɗari keso dubu biyar ke nan, kowanne kayan ƙato guda, kuma babu wanda zai iya sake ƙirga su duka, saboda haka dole a yarda da bakin wanda ya ɗaure. Kafin keso ya iso birni ma ya riga ya ratsa hannuwa da yawa, domin hakimai a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ne suke zuwa karɓowa, kuma mai unguwa da dagaci da jakada da hakimi kowa yana da rabonsa wanda al'ada ta sani amma ba a rubuta ba. Tun da babu albashi, wannan rabo shi ne ladan aiki, saboda haka iyakar da ke tsakanin haƙƙi da sata ta dogara ne a kan kunya da kuma abin da na sama zai lamunta.

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya shelanta cewa ikon sa haraji ya koma hannunsu, kuma dokokin 1904 da 1906 suka haɗe haraji iri-iri suka mayar da su kusan guda biyu, haraji da jangali, ana raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da sarakuna, galibi rabi da rabi. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya zauna cikin mutanensa, aka kawar da jakadu. Amma rabin da ke hannun sarki ya ci gaba da zama nasa, yana rabawa yadda ya ga dama.

Sauyin da ya taɓa muƙamin ma'aji kai tsaye ya faro ne a Katsina, inda Razdan Palmer, Baturen mulki na wurin, tare da Sarki Muhammadu Dikko, suka tsara cewa kason sarauta ya riƙa shiga asusu guda, a yanka wa sarki da alƙali da sauran ma'aikata albashi daga ciki, abin da ya rage a yi wa ƙasa aiki da shi. Kano ta bi sahu a zamanin Sarki Abbas, wanda aka yanka wa fam 4,800 a shekara, kuma zuwa 1911, a zamanin Gwamna Hesketh Bell, tsarin ya bazu a manyan masarautu. Sunan da aka zaɓa wa asusun shi ne Baitulmali, kuma zaɓi ne na wayo, domin ya sa baƙon tsari ya shigo da rigar da malamai ba za su iya ƙi ba. Ko mene ne nufin Turawa, sakamakon mai girma ne, domin a karon farko an sami adadi a rubuce da ke cewa ga iyakar abin da sarki zai ɗauka, an kuma sami ƙiyasi, wato lissafin abin da ake sa ran samu da kashewa a shekara mai zuwa, wanda ba a fitar da ko anini sai yana ciki. Ma'aji ya tashi daga mai tsaron ɗaki ya zama mai littafi, kuma aka fara neman wanda ya iya lissafi da boko, abin da makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909 ta shiga samarwa.

Aikin shekara yana da zagayensa, wanda duk wanda ya rayu a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta masarauta, ya sani. Da damina ake bin rugage ana ƙidayar shanu domin jangali, da kaka kuma, bayan an sayar da gyaɗa da auduga kuɗi sun shigo hannu, ake karɓar haraji. Masu unguwanni su kawo sunayen baligai, malamin haraji ya rubuta, a sanar da abin da ya hau kan kowane gari, wanda ya biya a yago masa rasit daga littafi mai rabi biyu, rabi a hannunsa, rabi ya zauna domin bincike. Manomin da bai iya karanta abin da ke jiki ba yakan naɗe takardar ya adana ta kamar laya, domin ana iya tambayarsa ita a hanya ko a kasuwa. Dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya zuba a akwatuna ya rako su birni da dogarai, a baitulmali a zazzage sulalla a tebur a ƙirga, a ɗure sule dubu biyu, fam ɗari ke nan, a jaka guda. Daga nan ne Hausa ta sami jaka a matsayin sunan adadi, wanda da aka canja kuɗi a 1973 ya koma naira ɗari biyu.

Takarda tana tsare abin da ya riga ya hau kanta ne kawai, kuma ɓarnar zamanin ta koma zuwa ga abin da bai hau ba. Ana iya karɓar haraji a wurin wanda ba a sa sunansa a ƙidaya ba a hana shi rasit, ana iya ganin shanu ɗari a rubuta sittin a sasanta da mai su a kan sauran, ana iya cin kuɗin bana a cike gurbin da rancen ɗan kasuwa kafin Di'o, Baturen da ke kula da yankin, ya zo duba littafi. Tuɓe hakimai da dagatai a kan kuɗin haraji ya zama abin da aka saba gani a rahotannin larduna. Ba za a fahimci yawan hakan ba sai an tuna cewa albashi ya maye gurbin rabon da, amma bai rage nauyin da ke kan mai sarauta ba, domin har yanzu ana sa ran ya ciyar da baƙi da barori, ya riƙe dawakai, ya yi wa maroƙa kyauta, ya kuma kai gaisuwa sama ranar salla da ranar da yake neman a tuna da ɗansa. Al'umma tana zagin hakimin da ya ci haraji, tana kuma raina wanda ƙofar gidansa ta bushe, kuma tsarin bai taɓa warware wannan saɓani ba.

Akwai kuma tambayar wanda ake yi wa lissafin. Da Lugga ya dawo a 1912 ya so ya shigar da kuɗin baitulmali cikin kasafin gwamnati, razdanonin Arewa suka ƙi, Ofishin Mulkin Mallaka a Landan ya goyi bayansu, saboda haka asusun ya zauna a hannun En'e a ƙarƙashin idon Razdan da Di'o. Wannan 'yanci ya haifar da ayyuka na gaske, domin da kuɗin baitulmalin Kano aka gina asibitin birni aka kuma kawo ruwan famfo daga Calawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, abin da sarakunan da ke ƙarƙashin Faransa a Damagaram da Maraɗi ba su sami damarsa ba, tun da can haraji yana wucewa ne kai tsaye zuwa asusun mulkin mallaka, a ba sarki ladan tarawa. Sai dai jayayyar duka tsakanin Turawa aka yi ta, kuma lissafin ma'aji sama yake kallo, zuwa ga sarki da Razdan da Gwamna. Talakan da ya biya ba shi da wurin da zai ga ƙiyasi, balle ya tambayi dalilin da ya sa albashin masu sarauta ya cinye kaso mai tsoka.

Inda bincike yake hannun na sama kaɗai, tuhuma takan zama makami. A 1943 aka zargi Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda a lokacin yake kula da yankin Gusau, da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara guda, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Masu tarihi da yawa sun danganta shari'ar da takarar sarautar Sarkin Musulmi da aka yi a 1938, kuma abin da mutane suka koya daga gare ta shi ne cewa littafin haraji yana iya zama hanyar kayar da abokin hamayya kamar yadda yake hanyar kama ɓarawo.

Shekarun 1950 ne suka fito da maganar fili. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a sake duba tsarin En'e, ya ambaci cin hanci da rashawa da sunansu a gaban waɗanda abin ya shafa, ƙudirin ya tsallake da ƙyar. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta mayar da zaluncin haraji abin wa'azinta a kasuwannin ƙauye. A 1952 Sarkin Gwandu Yahaya ya kawo ƙudirin yaƙi da cin hanci a Majalisar Sarakuna, aka kuma kafa kwamiti a kan musayar kyaututtukan al'ada, wato gaisuwar nan da Shehu ya yi tir da ita shekaru kusan ɗari da hamsin kafin nan. Dokar En'e ta 1954 ta ɗaure sarki da majalisarsa, aka fara kafa kwamitocin kuɗi, kuma makarantar horar da akawuna ta Kongo a Zariya ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki, inda aka riƙa horar da ma'aikatan baitulmali a kan littafin ƙa'idojin kuɗi. Daga nan ma'aji ya fara zama mai sana'a da takardar shaida, wanda zai iya buɗe shafi ya nuna wa mai ba shi umarni cewa doka ba ta yarda ba, ko da yake nuna shafin ga wanda ya naɗa mutum yana buƙatar abin da makaranta ba ta koyarwa.

Gwajin mafi girma ya zo a Kano, En'e mafi arziki a Arewa. A ƙarshen 1962, bayan kuɗinta sun shiga halin da biyan albashi ya yi wuya, gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani jami'inta Bature, D. J. M. Muffett, ya binciki harkokin kuɗin, kuma a watan Maris na 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Har yau ana saɓani a kan gwargwadon abin da lissafi ya jawo da wanda rashin jituwar sarkin da gwamnatin Jihar Arewa ya jawo. Abin da ba a saɓani a kai shi ne cewa baitulmali mai cike da ƙwararrun malamai da littattafai ya kai bakin rami ba tare da wani daga ciki ya iya tsayar da abin ba, kuma da gyaran ya zo, daga wata hukuma ta sama ya zo.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali baki ɗaya, ya mayar da ma'aji ma'aikacin gwamnati a ƙarƙashin shugaban ƙaramar hukuma. A 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka bi daga baya, talakawa kuwa suka yi murna da hujja, domin sun daɗe suna shan wuya a kansu. Amma soke su ya yanke igiyar da ta haɗa manomi da akwatin hukuma, domin kuɗin da ma'aji yake riƙewa yanzu galibi kaso ne da ke saukowa daga asusun tarayya kowane wata, wanda mutumin ƙauye bai ji zafin fitarsa daga aljihunsa ba, har ma ya shiga kiransa kuɗin gwamnati kamar na wani baƙo. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya sa wannan kaso ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda aka daɗe ana ƙorafin cewa gwamnoni suna riƙe abin da suka ga dama. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya fayyace hanyar da kuɗin za su bi su iso hannun ma'aji, amma naɗin ma'ajin da canja masa wurin aiki da ladabtar da shi suna nan a hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wadda gwamnan jiha ne yake naɗa mambobinta.